Zafin hayaƙin tarbain: tukunyar tururi, ORC ko sanyaya iska, wanne ya dace da Kaduna?

Injin tarbain mai shan iskar gas, idan yana gudu shi kaɗai ba a jona masa komai a baya ba, kashi 30 zuwa 40 cikin 100 na ƙarfin man da ya sha ne kawai ke zama wutar lantarki. Ragowar kusan duka bututun hayaƙi take bi ta fice, da zafin digiri 450 zuwa 600 a ma'aunin Salsiyas. A kowace naira uku ta gas ke nan, kusan biyu sararin sama ake ɗumamawa da su. Yawancin tashoshin gas na Najeriya haka suke aiki, har da Azura-Edo mai megawat 461 da ta fara ba da wuta a 2018. Waɗanda ke kama hayaƙin su dafa tururi da shi, irin su Okpai a jihar Delta da Afam VI a jihar Ribas, 'yan kaɗan ne.

Maganar ta iso ƙofar Kaduna ne saboda bututun gas na AKK mai tsawon kilomita 614, wanda ya taso daga Ajaokuta zuwa Kano ta Abuja da Kaduna, aka kuma ƙaddamar da aikinsa a 2020. Tashar Kudenda mai megawat 215 an tsara ta ta iya shan gas ko mai na ruwa. Duk mai masana'anta a Kakuri ko Kudenda da ke tunanin ajiye janareton dizal ya kafa tarbain, wannan tambaya na jiransa: me za a yi da hayaƙin? Hanyoyin da aka saba da su sun kai shida, kuma ba lambar da ke cikin kasidar mai sayarwa ce ke raba gardama ba. Abu uku ne ke rabawa: ko akwai mai buƙatar zafin a kusa, ko akwai ruwa mai yawa da tsabta, da kuma awa nawa injin zai yi yana gudu da cikakken lodi a shekara.

Injin da ke takarda da injin da ke Kaduna

Lambobin da masu ƙera tarbain ke rubutawa an auna su ne a zafin digiri 15, a bakin teku, da laimar iska kashi 60. Kaduna na kimanin mita 600 sama da teku, iskarta ba ta kai ta Legas nauyi ba, wannan kaɗai na cin kusan kashi 7 na ƙarfin injin. Sannan kowane digiri ɗaya da ya haura 15 yana rage kashi 0.5 zuwa 0.9, gwargwadon irin injin. Da azahar a watan Maris, zafi ya kai digiri 35 ko ya wuce, injin da aka rubuta wa megawat 10 da ƙyar zai ba da 8. Tunda iskar da yake shaƙa ta ragu, hayaƙin da yake fitarwa ma ya ragu, tururin da za a samu a bayansa shi ma ya ja baya, duk da cewa zafin hayaƙin kan ɗan ƙaru.

Ga kuma ƙurar hunturu. Filtar bakin inji idan ta toshe har matsin iska ya faɗi da miliba 10, kimanin kashi 1.4 na wuta ya tafi. A bayan inji ma akwai irin wannan haraji: duk miliba 10 na cunkoson da aka ɗora wa hayaƙi yana cin kusan kashi 0.4 na wuta, ya kuma ƙara shan mai da kwatankwacin haka. Tukunyar tururi kan ɗora miliba 25 zuwa 35. Kowace hanya da za a ambata a nan sai an cire mata wannan kafin a ce an ci riba.

Don lissafi ya zauna a kan abu guda, a ɗauki injin masana'anta mai megawat 5.6, mai mayar da kashi 31 na mansa wuta. Yana shan zafin mai megawat 18, wato kusan kubik mita 1,800 na gas a awa, yana fitar da hayaƙi kilo 21 da rabi a daƙiƙa a zafin digiri 510. Idan aka sanyaya wannan hayaƙi zuwa digiri 150, za a ciro zafi megawat 8.5. A lura: zafin da ake zubarwa ya fi wutar da ake samu yawa.

Tururi kai tsaye ga masana'anta

Wannan ita ce hanyar da ta fi biya, muddin akwai mai shan tururin. Hayaƙi na ratsa akwatin ƙarfe mai cike da bututai masu fiffike. A ƙarshen akwatin, inda hayaƙi ya fara hucewa, akwai bututan da ke ɗumama ruwan da ke shigowa. A tsakiya akwai waɗanda ke tafasa shi, haɗe da ganga a sama inda tururi ke rabuwa da ruwa. Idan ana son busasshen tururi mai zafi sosai, sai a ƙara wasu bututan a bakin shigar hayaƙi. A waje kuma akwai tankin korar iska daga ruwa, wanda ke aiki a kusan digiri 105, da famfuna biyu na tura ruwa, ɗaya na aiki ɗaya na jira.

Da injin misalinmu, tururi mai matsin bar 10, wanda zafinsa digiri 180 ne, zai kai tan 13 a awa. Irin tururin da rini da busar da yadi ke buƙata ke nan, da matse man waken suya ko gyaɗa, da turara shinkafa, da wanke kwalabe. Da a ce tukunya mai wutar kanta za ta dafa wannan tururi, za ta sha gas kusan kubik mita 1,000 a awa. Shi ne abin da aka tsira da shi. Wuta da tururi idan aka haɗa, kusan kashi 78 na man ya yi amfani, maimakon 31.

Lambar da ya kamata mai saye ya tambaya ita ce tazarar da ke tsakanin zafin hayaƙi lokacin da yake barin bututan tafasa da zafin ruwan da ke tafasa a ciki. An saba sa ta tsakanin digiri 8 da 15. A matse ta, tururi zai ƙaru, amma bututai za su yi yawa, kuɗi ya hau, cunkoson hayaƙi ma ya hau. Haka nan ruwan da ke barin bututan ɗumamawa a bar shi digiri 5 zuwa 10 ƙasa da tafasa. Idan ya fara tafasa tun a can, musamman lokacin da lodi ya ragu, za a ji bututu na bugawa kamar ana dukansa da guduma, matakin ruwa a ganga ya riƙa tsalle, daga nan walda ta fara tsagewa.

Wata fa'ida da ba a cika lura da ita ba: hayaƙin tarbain na ɗauke da iskar oksijin kashi 13 zuwa 15, don haka ana iya kunna ƙarin wutar gas a cikin hanyar hayaƙin kafin tukunya. Tunda iskar ta riga ta yi zafi, kusan duk ƙarfin wannan ƙarin gas tururi yake zama, har a ninka abin da tukunyar ke bayarwa. Masana'antar da buƙatarta ke hauhawa lokacin kaka, wannan ya fi mata sayen tukunya ta biyu.

Inda ake faɗuwa shi ne rashin daidaito tsakanin wuta da tururi. Injin na gudu dare da rana saboda wuta, amma sashen da ke shan tururi shif ɗaya yake yi. Kubik mita 1,000 a awa sau awa 7,000 ya ba da miliyan 7 a shekara. Sau awa 2,500 kuwa miliyan 2.5 ne kacal, alhali kuɗin tukunyar bai canza ba. Kuma tururi ba ya son tafiya mai nisa. Maƙwabcin da ke bayan katanga abokin ciniki ne. Wanda ke kilomita biyar, asarar zafi da kuɗin bututu za su cinye ribar. Tarihin Kakuri ma gargaɗi ne: tun daga masaƙar Kaduna Textiles (KTL) ta 1957 unguwar ta cika da masu shan tururi, yau yawancinsu a rufe suke. Kada a gina tukunya a kan alkawarin baki na maƙwabci guda.

Dole kuma a sa ƙofar karkatar da hayaƙi da bututun fita na biyu, domin a iya gyaran tukunya tarbain na ci gaba da aiki. Ƙofar nan kan yi yoyo idan zafi ya lanƙwasa ta. Kafin mutum ya shiga cikin akwatin, a zura farantin ƙarfe na toshewa, kada a dogara da ƙofar kaɗai.

Tururi zuwa tarbain na biyu

Idan babu mai sayen tururi, sai a mayar da shi wuta. A manyan tashoshi, tarbain na tururi na ƙara kusan rabin abin da na gas ke bayarwa ba tare da ƙarin mai ba: megawat 200 ya zama kusan 300. Amfanin mai ya tashi zuwa kashi 50 zuwa 60, sababbin manyan injuna ma sun haura 60. Tukunyar a nan ta fi rikitarwa, ganga biyu ko uku masu matsi daban-daban, domin a tatse hayaƙin har ya sauko digiri 80 zuwa 100.

Ga babbar tasha mai gudu ba tsayawa, babu abin da ya kama ƙafar wannan tsari. Ga ƙaramin inji kuwa lissafin ba ya fita. Injin misalinmu zai samu ƙarin megawat 2 ko ƙasa da haka, domin ƙaramin tarbain na tururi ba shi da ƙwazon babba, amma zai buƙaci kondensa mai mayar da tururi ruwa, da sashen tace ruwa, da ɗakin gwaji, da ma'aikatan shif uku, kusan kamar babbar tasha.

Ruwa shi ne babbar magana. Tasha mai hasumiyar sanyaya ruwa na ƙonar da kubik mita 0.7 zuwa 1 a kan kowace megawat a awa. Mai megawat 300 na buƙatar kusan kubik mita 240 a awa, wato kusan 6,000 a yini, kuma ta fi buƙatarsa a daidai lokacin da kogin Kaduna ya ja baya, Fabrairu zuwa Afrilu. Da damina ruwan ya wadata amma jajir yake da laka, sai an kwantar da shi da alam, an tace da yashi, kafin ya shiga hasumiya. Wanda ya guji wannan sai ya sa kondensa mai fankoki, iska ce ke sanyaya ta. Buƙatar ruwa ta ragu ƙwarai, amma ga kuɗinsa: da rana mai digiri 38 tururi zai koma ruwa a kusan digiri 55, matsin bar 0.16, alhali da hasumiya zai sauko digiri 40, matsin bar 0.07. Wannan bambanci wuta ce da tarbain na tururi ya rasa, kuma fankokin kansu na shan wuta. Ƙurar hunturu na cika fiffiken kondensar, sai an wanke da ruwa mai ƙarfi kafin bazara ta shigo. Duk da haka, ga tashar da ba ta bakin kogi, mu dai kondensa mai fanka za mu zaɓa. Rasa 'yan megawat da rana ya fi tsayar da tasha don ruwa ya yanke.

Ruwan da ke shiga tukunyar kansa kuma wani babi ne. Sai an cire masa gishiri kakaf, silika a cikin tururi kada ta wuce miligiram 0.02 a kilo, in ba haka ba ta daskare a fukafukan tarbain kamar ƙanzo a gindin tukunya. Ana riƙe pH na ruwan tsakanin 9.2 da 9.6 da sinadarin amoniya. Idan aka yi sakaci, ruwa mai gudu da ƙarfi a zafin kusan digiri 150 yana lashe cikin bututu a hankali, musamman a gwiwoyi, har ƙarfe ya yi siriri ya fashe ba tare da wata alama a waje ba. Maganinsa a sa gwiwoyi na ƙarfe mai ɗan sinadarin kuromiyam, kamar kashi 1.25, a kuma auna kaurin bututu da na'ura duk lokacin babban gyara.

Sai matsalar da ta fi damun tashoshin ƙasar nan: tsayawar ba-zata. Babban layin wuta na ƙasa kan faɗi, gas kan yanke. Duk lokacin da tarbain ya mutu, kafin a sake kunna shi dole a hura iska ta share ragowar gas daga hanyar hayaƙi. Iskar nan mai sanyi na bi ta kan bututai masu zafin digiri 500, tururin ciki ya koma ruwa ya kwanta a ƙasa. Idan bawul ɗin zubar da wannan ruwa bai buɗe ba, ko ya toshe, bututu ɗaya zai yi sanyi na kusa da shi na da zafi, sai tsaga ta fito a inda suka haɗu da babban bututu. Tukunyar da aka tsara don tashi sau kaɗan a shekara, idan ana tayar da ita sau da yawa a wata, ba za ta kai shekarunta ba. Idan kuma tsayawar ta ɗauki makonni, a cika ta da ruwa mai magani a rufe da iskar naitirojin, ko a zubar da ruwan a busar da ita sarai, a kuma rufe bakin bututun hayaƙi kada ruwan sama ya shiga. Tsatsar zaman banza ta fi ta aiki ɓarna.

Tsarin ORC, inda ruwa da ma'aikata suka yi ƙaranci

A tsarin ORC, wato Organic Rankine Cycle a Turance, ba ruwa ake tafasawa ba. Hayaƙi na ɗumama wani mai na musamman zuwa kusan digiri 300, man ya kai zafin ga wani sinadari mai saurin tafasa, galibi saikulofenten wanda ke tafasa a digiri 49, tururin sinadarin ya juya ƙaramin tarbain, fankoki su mayar da shi ruwa, famfo ya sake zagayawa da shi. Komai a rufe yake. Kamfanonin Ormat da Turboden sun daɗe suna kafa irinsa a bayan tarbain da ke tura gas a dogayen bututai, wuraren da babu kogi kuma babu mai zama ya kula.

Kusan kashi 20 na zafin da ya kama yake mayarwa wuta, wato megawat 1.5 zuwa 1.7 a injin misalinmu, ya kuma ragu da rana mai zafi. Bai kai tururi ba, amma babu sashen tace ruwa, babu mai gwajin ruwa kullum, yana tashi da sauka da lodi ba tare da gardama ba, tsayawar ba-zata kuma ba ta yi masa illar da take yi wa ganga mai kauri. Ga inji tsakanin megawat 5 da 30 wanda ba shi da mai sayen tururi, shi ne ya fi dacewa da yanayin Kaduna.

Haɗarinsa wuta ce. Man da sinadarin duka suna kamawa. Idan famfon mai ya tsaya hayaƙi mai digiri 500 na ci gaba da bi, man da ke cikin bututu zai ƙone ya zama gawayi, ya toshe hanya, bututu ya fashe a cikin hayaƙi mai oksijin. Don haka famfo na biyu mai wutar kansa, da ƙofar karkatarwa mai rufe kanta da zarar gudun mai ya ragu, ba kayan ado ba ne. A riƙa kai samfurin man gwaji aƙalla sau ɗaya a shekara. A kuma tuna sinadarin da kayan gyara daga waje ake shigo da su, da dala.

Mayar da zafin cikin injin kansa

Akwai na'urar musayar zafi da ake kira rikufareta: iskar da kwamfaresa ya matsa tana bi ta cikinta ta karɓi zafin hayaƙi kafin ta shiga ɗakin ƙonewa, sai gas kaɗan ya isa. Babu ruwa, babu tarbain na biyu. Sharaɗinta ɗaya ne, hayaƙi ya fi iskar kwamfaresa zafi da tazara mai kyau. Kwamfaresa mai ninka matsi sau 4 na fitar da iska a kusan digiri 190. Mai sau 10, kusan 320. Mai sau 30, irin na injunan da aka samo daga na jirgin sama, kusan 560, wanda ya ma fi hayaƙin zafi. A irin wannan inji na ƙarshe rikufareta sanyaya iskar za ta yi.

Shi ya sa ake ganinta a ƙananan injuna. Capstone C200 mai kilowat 200 na kai kashi 33 da ita, alhali irin waɗannan ƙanana ba tare da ita ba ba sa wuce rabin haka da yawa. Mercury 50 na kamfanin Solar, mai megawat 4.6, na kai kashi 38.5. Amma tare da inji ake sayenta. Yawancin tarbain ba su da ƙofar fitar da iska da mayar da ita a jikinsu, don haka wanda ya ce zai liƙa wa tsohon inji rikufareta, a nemi ya nuna takardar amincewar mai ƙera injin. Kuma tana cin rabon tukunya: hayaƙin Mercury 50 kusan digiri 365 yake fita, tururinsa ba zai kai na injin misalinmu ba ko kusa. Ta dace da asibiti, otal ko jami'a, inda wuta ce babbar buƙata, zafi kuwa na ruwan wanka da wanki ne. Ciwonta tsagewa ne saboda yawan kunnawa da kashewa. Alamar ita ce wuta na raguwa a hankali, shan gas na ƙaruwa, ko da an wanke kwamfaresa.

Fesa tururi cikin ɗakin ƙonewa ma hanya ce, wadda Dah Yu Cheng ya inganta a shekarun 1970, aka yi amfani da ita a injin Allison 501-KH inda wuta kan ƙaru da kusan rabi. Tana da kyau ga masana'antar da buƙatar tururinta ke hawa da sauka, domin rarar sai a tura wa injin. Sai dai duk ruwan da aka sha wahalar tacewa ta bututun hayaƙi yake fita, ba ya dawowa, kuma ɗan gishiri kaɗan a cikinsa ya isa ya cinye fukafukai masu zafi. A Kaduna da rani, wannan ba ta da farin jini a wurinmu.

Sanyaya iskar da injin ke shaƙa

Tunda zafin gari ne ke sace kashi 12 zuwa 15 na wuta, ana iya amfani da hayaƙi a kore shi. Akwai injin sanyi mai aiki da zafi maimakon wutar lantarki, wanda ke amfani da ruwa da gishirin litiyam buromaid. Mai hawa ɗaya na ba da sanyi kilowat 0.7 a kan kowane kilowat na zafi, mai hawa biyu kusan 1.2. Yana fitar da ruwa mai digiri 7, a zagaya da shi a bakin inji. Sauko da iskar injin misalinmu daga digiri 37 zuwa 12 a busasshiyar rana na buƙatar sanyi kusan kilowat 540, wato ƙaramin yanki ne na hayaƙin, ragowar na nan don tururi. Kada a sauko ƙasa da digiri 7 ko 8, domin iska na ƙara sanyi yayin da take rugawa cikin kwamfaresa, ƙanƙara na iya fitowa ta fasa fukafukai.

A fahimci abu guda: wannan wuta yake ƙarawa, ba ya rage shan gas sosai. Kuma a Kaduna yana da kishiya mai araha. Lokacin da gari ya fi zafi shi ne lokacin da iska ta fi bushewa. A rana mai digiri 37 da laima kashi 15, na'urar da ke ratsa iska ta cikin jiƙaƙƙen allo na iya sauko da ita zuwa kusan digiri 21, da ƙaramin famfo kawai da ruwa mai tsabta. Kashi biyu cikin uku na aikin ke nan, a kan kuɗi kaɗan. Da damina wannan na'ura ba ta da wani tasiri, amma a lokacin zafin ma ya sauka zuwa digiri 28 ko 30. Injin sanyi mai gishiri ya cancanci kuɗinsa ne idan akwai wani mai buƙatar sanyin, kamar ɗakin ajiyar magani, kayan madara ko ofisoshi. Shi ma yana son hasumiyar ruwa, yana ƙin iska ta shiga cikinsa, kuma idan wuta ta ɗauke masa farat ɗaya gishirin na iya daskarewa ya toshe bututu, sai an bi da zafi an narkar.

Wane mai za a ƙona?

Duk lambobin da ke sama na iskar gas ne. Injin da zai yi watanni yana shan dizal ko baƙin mai kafin gas ya iso, lissafinsa daban ne. Farar wutar da ke cikin man na zama asid idan hayaƙi ya huce ƙasa da digiri 130 zuwa 150, asid ɗin ya kwanta a bututan ƙarshe ya huda su. Dole a riƙe hayaƙin sama da haka, ko dai ta hanyar ɗumama ruwan da ke shiga, ko a kauce wa bututan ƙarshe gaba ɗaya, kuma hakan na rage abin da ake samu. Toka da baƙin hayaƙi na manne wa fiffike, saboda haka a nemi fiffike masu tazara da na'urar busa su da tururi. Rikufareta kam, ramukanta ƙanana ne, baƙin mai zai toshe ta nan da nan.

To, wa zai ɗauki wanne? Masana'anta mai shan tururi awa 5,000 ko fiye a shekara ta ɗauki tukunya, ta ƙara wutar gas a cikin hanyar hayaƙi idan buƙata na hawa, ta manta da tarbain na biyu. Babbar tasha mai kwangilar gas tabbatacciya da layin da zai kwashe wutarta ta tafi ga tarbain na tururi, amma idan rabin shekara a tsaye take, ƙara mata tukunya ƙara mata abin tsatsa ne. Ta fara da gyara filta, wanke kwamfaresa da jiƙa iska. Wanda ke tsakani, ba tururi ba ruwa, ORC. Mai neman ƙasa da megawat 5 na wuta zalla ya sayi inji mai rikufareta tun farko, ya kuma kwatanta shi da janareton gas mai fistin, wanda a wannan girman kan kai kashi 40 ko fiye.

Kafin a kira ɗan kwangila, a tara bayanan shekara guda: lodin wuta awa-awa, tururin da ake sha da matsinsa, zafin hayaƙi da aka auna a wurare da dama a faɗin bututu ba wuri ɗaya ba, da gwajin ruwa sau biyu, ɗaya a Maris ɗaya a Agusta. A cikin kwangila a rubuta cewa alkawarin tan ko megawat a zafin digiri 35 da tsayin Kaduna za a gwada shi, tare da iyakar miliba da aka yarda a ɗora wa hayaƙi. Wanda kuɗinsa bai kai ya yi duka yanzu ba, ya bar fili a bayan injin daidai tsawon tukunyar da masu ƙera ta suka ba shi, ya kuma sa ƙofar karkatarwa tun ranar da ake kafa bututun hayaƙi, domin sa ta daga baya na nufin kashe injin na makonni da yanke bututun.